Notin da Isa Ya Shafa wa Jan Fenti

Kun tashi kun tarar da wata magana a gidan nan, wai Isa makanike ne ya kashe mini farar mota. Ba ni na koya muku ita ba, amma a gabana aka faɗa muku, a gabana kuka maimaita, ban taɓa cewa a'a ba. Kai Sani, da kake babba, na ji ka da kunnena kana faɗa wa ɗanka ita a zaure, har kana yi masa gargaɗi a kan makanikai. To ga yadda abin ya kasance. Zan faro daga daɗinsa, don shekarar da abin ya faru ban yi wadda ta kai ta daɗi ba a rayuwata, ban kuma yi wadda nake jin kunyarta kamarta ba.

Motar a-kori-kura ce mai shan gas, ta riga ta sha wuya a hannun wasu kafin ta zo nawa. Ƙofar direba ba ta buɗuwa daga waje, sai na zura hannu ta taga. Kujerar gaba ta yage, uwarku Hajara ta ɗinka mata riga da wani tsohon zanenta mai ruwan ganye. Da ita nake kwaso albasa da tafarnuwa daga fadamar Wurno, da ita nake bin kasuwanni, yau Goronyo, jibi Gandi, in tafi da buhuna in dawo da awaki da mutane. Warin albasa ya kama jikinta, ko an wanke ta da omo ba ya fita, ni ma ya kama ni, har kakarku Inna takan ce ko a cikin sahun masallaci aka ɓoye ni za ta gano ni da hanci. A wannan shekarar ne wani Alhaji na Goronyo ya sayo injin bugun shinkafa, ƙato, a kan tirela mai ƙafa biyu, ya nemi wanda zai riƙa ja masa shi daga gona zuwa gona. Na ce ni zan iya. A kan kwalta kuwa na iya. Amma ranar da muka gama aiki a wata fadama wajen Kwargaba, muka zo hawan da ake fitowa tudu, sai motar ta nuna mini shekarunta. Ina taka totur tana nishi, sai na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu kafin ta amsa, kafin nan rairayi ya riƙe ƙafafun. Sau uku muna komawa da baya. Ƙarshe sai da 'yan aikin gona suka ajiye lauje suka tura mu, suna dariya, Alhaji yana tsaye a gefe yana kallo. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi zai duba ko akwai mai tarakta kafin shinkafar rani ta nuna.

Daga nan rumfar Isa na wuce. Ni da Isa tare muka tashi, unguwa ɗaya, tare muke zuwa gulbi kamun kifi muna yara, shi ya riƙe ƙwarya ni in shiga ruwa, don shi tsoron ruwa yake yi har ya tsufa. Ya yi shekaru yana koyon gyaran manyan motoci a wani gari, ya dawo ya kafa rumfa a gindin dogon yaro kusa da tasha. Mutum ne marar yawan magana. In ka kawo mota ba ya tambayarka abin da ke damunta, sai ya ce ka tayar, ya kafa dogon sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Haka ya yi ranar nan, sannan ya kwance wani ƙarfe mai kama da katantanwa daga gefen injin, ya sa yatsa ya girgiza 'yar farfelar da ke ciki, na ga tana rawa.

“Ummaru, injin ga lahiyatai lau,” in ji shi. “Tarbo na yag gaji. Ka san zugazugin maƙera? To shi na wanga. Hayaƙin da ka hita shi ka juya wagga farfela, ita ko ta juya 'yar'uwatta, ta tura iska cikin inji. In iska ta yi yawa wuta ta ci da kyau. Naka zugazugin ya huje.”

“A gyara shi mana.”

“Ana iyawa. Amma in ja kaka so ta yi, a sake mata wani da yaf fi wanga, a yi mata 'yan gyare-gyare. Sai dai akwai sharaɗi, kuma na san halinka.”

Na yi dariya na ce ya faɗi sharaɗin. Ya ce sai an ɗaura.

Da na kawo maganar gida bayan la'asar, Inna tana zaune a tabarma tana gyaran wake, Hajara tana tuƙa tuwo, ku kuna ta guje-guje a tsakar gida. Na ce zan fitar da bijimin da nake kiwo in sa wa mota tarbo. Inna ta ɗago kai.

“Taɓo? Mota da ka gudun taɓo ita za a sa ma taɓo?”

Hajara ta yi dariya har muciya ta kusa kuɓuce mata. Na yi wa Inna bayani irin wanda Isa ya yi mini, da zugazugi da komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ci gaba da tsince tsakuwa daga cikin wake.

“Ni dai abin da nis sani,” ta ce, “abin da ka tahiya da ƙahwatai ba a buɗe mai ciki. Bijimi kuwa ko bai ja komi ba shina nan shina ƙiba.”

Na juya wajen uwarku, don a gidan nan, ko da yake ba a faɗa, in ta yi shiru a kan abu ba ya yiwuwa. Ta sauke tukunya tukuna, ta goge hannu a zane.

“Malam, in Isa yac ce a yi, a yi. Shi ba ya hwaɗin abin da bai sani ba. Amma abin da yac ce ka bari, ka bari.”

Da safe muka hau motar haya ni da Isa zuwa Sakkwato, wajen masu sayar da kayan mota na hannu. Ban taɓa ganin tarbo da yawa haka ba, an jera su a ƙasa kamar kabewa a kasuwa. Idona ya faɗa kan wani ƙato, na ɗaga shi da ƙyar, na ce wannan nake so. Isa bai ko taɓa shi ba. Ya ce babba nauyin tashi gare shi, sai mota ta yi nisa da gudu yake farkawa, ni kuwa a gindin hawa nake neman ƙarfi, inda mota take tafiya kamar mai tallan nono. Ya yi ta tsugunawa yana juya farfela da yatsa, yana kai ta kunne, yana ajiyewa, har rana ta take. Wanda ya zaɓa da kaɗan ya fi nawa girma, na ji kamar an cuce ni. Ya ƙara da wani ƙaramin lagireto da ya ce shi zai riƙa sanyaya iskar kafin ta shiga inji, da sabon bututun baƙin mai. Muka ci shinkafa da wake a bakin titi, ya riƙe tarbon a cinya cikin buhu duk hanyar dawowa, kamar mai riƙon jariri.

Kwana uku ya yi yana aikin. Ya yanka, ya yi walda, ya sake salansa da mai faɗi, ya juye baƙin mai ya zuba sabo. A rana ta uku ya zo kan famfon da ke ba injin gas. Akwai wani ɗan noti a jikinsa, bai kai kan ɗan yatsa ba. Ya juya shi kaɗan, ya sa na taka totur, ya je baya ya duba hayaƙi, ya dawo ya rage, ya sake dubawa. Ya yi haka ya fi sau goma. Da ya gamsu sai ya ɗauko gwangwanin jan fenti, ya tsoma tsinke, ya ɗiga a kan notin har ya haɗe da jikin famfon.

“Ga sharaɗin,” ya ce. “In ka iso wuri kak ka kashe ta nan take, bar ta ta huce tana aiki kamar minti biyu. Baƙin mai da filtar iska kak ka yi musu ganganci. Wanga noti kuma, ko ni nic ce ka taɓa shi, kak ka taɓa. Iskar da ka shiga da man da ka shiga na auna su daidai. In mai yaf fi iska, za ka ji ƙarhi, amma cikinta ka ƙonewa.”

Na ce na ji. Da gaske kuma nake a lokacin.

Ba zan manta fitowata daga rumfar nan ba. Na sa giya ta biyu na ɗan taɓa totur, sai na ji bayana ya manne da kujera, wani siririn fito ya taso daga ƙarƙashin bonet kamar na makiyayi yana kiran shanu daga nesa. Isa yana gefena, na ga gefen bakinsa yana motsi. Muka ɗauro injin Alhaji muka nufi hawan nan na Kwargaba da gangan. 'Yan aikin da suka tura mu suna nan, da suka hango mu har sun fara tattare hannun riga. Muka wuce su muka haye tudu ba tare da na sake giya ba. Na tsaya a sama na leƙo ta taga na yi musu sannu da aiki.

Daga nan har ƙarshen sanyi, ban san gajiya ba. Aiki ya yi ta zuwa. Na ja injin nan zuwa gonakin da ba a taɓa kai shi ba, na kwaso albasa daga Rimawa kaya a kan kaya, na taɓa fizgo wata babbar mota da ta kafe a rairayi mutanen ƙauye suna tafa mini. In na je Goronyo nakan biya wajen masunta a bakin dam in sayo kifi, in rataye shi a madubin gefe don iska ta riƙa bugunsa, ku kuwa in kun hango shi yana lilo kun san yau akwai romo. Uwarku ta ce tun ina kwanar makarantar boko take jin fiton motar, ta san lokacin ɗora ruwan wanka ya yi. In na iso ƙofar gida ba na kashewa, sai in zauna ina jiran mintin nan biyu na Isa, ku kuma ku fito da gudu ku cika gaban motar, wani a cinyata, wani yana murɗa sitiyari, 'yar'uwarku Asma'u tana lalube aljihuna tana neman alewa. Inna takan leƙo daga zaure ta ce ga shi nan, ya iso amma bai iso ba. Ita da ta ƙi abin, ita ta fi kowa son shiga. Ranar da na kai ta gaisuwar 'yan'uwa a Rabah ta sa na bi doguwar hanya, tana riƙe da ƙarfen ƙofa da hannu biyu, in na rage gudu sai ta ce in sa ta yi kukan nan nata. In na rufe ido yanzu, abin da nake gani ke nan, mintin nan biyu a ƙofar gida, inji yana kaɗawa a hankali, ƙanshin daddawa yana fitowa daga ciki, dukanku ƙanana, kowa yana da rai.

Abin ya lalace ne a kasuwar Gandi, kuma ba wani babban dalili ba ne. A hanyar zuwa wani saurayin direba mai sabuwar mota ya wuce ni, ya ɗago mini hannu ta taga kamar mai ban kwana. A teburin mai shayi direbobi suka sa ni gaba da tsiya, wai ina fiton da ake ba su labari, ashe fito ne kawai ba gudu. Na yi dariya tare da su amma abin ya tsaya mini a rai. Akwai wani mai gyara a bayan kasuwar, ban san sunansa ba, ban kuma ɗora masa laifi ba, don abin da na nema ya yi mini. Ya buɗe bonet ya ga jan fentin, ya ce wanda ya yi aikin nan gwani ne amma matsoraci, ya ɗaure motar kamar akuya a turke. Ya ce juyi ɗaya da rabi kawai, in ga abin mamaki. Na tsaya ina kallon fentin. Na tuna maganar Isa sarai, ba mantawa na yi ba, kada wani ya ce muku mantawa na yi. Na ce masa ya juya. Na ji ƙarar fentin da ya fashe, 'yar ƙara ce kamar an taka ɓawon gyaɗa.

A hanyar dawowa na kamo saurayin nan na wuce shi, na bar shi cikin baƙin hayaƙi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Da na iso gida Hajara ta fito karɓar kaya, ta tsaya ta karkata kai.

“Malam, muryatta ta sake.”

“Hanya ta, ƙura ta shiga.”

Ta dubi bangon zaure inda salansa ta fesa baƙi, ta dube ni, ta ɗauki kayan ta shige. Daga ranar na daina bi ta gaban rumfar Isa. In zan fita gari sai in zagaya ta bayan asibiti, don na san in ya ji ta sau ɗaya ya gane. Ya aiko a ce in kawo ta ya duba, na ce aiki ya yi yawa. Ya zo da kansa ranar Juma'a, na ce makullin yana wurin wani.

Bazara ta shigo, shinkafar rani ta nuna, kowa yana son a buge masa kafin ruwan farko. Ran nan muka gama aiki a Rimawa da hantsi, na ɗaura injin a baya, na kuma yarda aka loda mini buhunan shinkafa har suka wuce kan motar, abin da ban taɓa haɗawa ba. Rana tana tsaka, iska kamar daga bakin tanda. Ban yi nisa ba na ga allurar zafi ta fara hawa. Na san abin da ya kamata, in tsaya, in bar ta ta huce. Amma akwai wata tsamiya a gaba da nake hange, na ce bari in kai inuwa. Akwai ɗan hawa kafin tsamiyar, na taka har ƙasa. Fiton ya koma kururuwa, sai na ji ƙwas ƙwas ƙwas a cikin injin kamar ana sara ƙarfe da guduma, farin hayaƙi ya turnuƙe, ta yi tsit. Na fito na zauna a kan buhu a gefen hanya. Tsamiyar ba ta fi taku hamsin ba.

Tarakta ce ta jawo mu har Wurno, da la'asar, lokacin da tasha ta fi cika. Mutane suka biyo mu zuwa rumfar Isa. Bai tambaye ni komai ba, ya kwance kan injin a gaban kowa. Fistan biyu, ƙarafan nan da ke hawa da sauka a cikin inji, sun narke a sama kamar an ɗiga musu wuta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sunkuya wajen famfon, ya goge ƙura da babban yatsa. Ina tsaye daf da shi, na ga abin da ya gani. Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, kamar mai jiran in yi magana. Wani dattijon direba a bayanmu ya ce ai dama an faɗa, tarbon nan ya fi ƙarfin injin, Isa ya ɗora wa tsohuwa kayan da ba nata ba. Wasu suka ce haka ne. Aka juyo ana kallona.

“Ƙaddara ta,” na ce. “Allah ya sa haka shi na mahi alheri.”

Abin da na faɗa ke nan, ba ƙari. Isa ya ɗauki tsumma ya goge hannunsa yatsa bayan yatsa, ya shiga cikin rumfa.

Kafin sati maganar ta zagaye gari, ta kai Goronyo, ta kai duk tashar da aka san motata. Inna ta ce ita dama ta faɗa, ta hana a gaisa da matar Isa a wurin biki, ni kuwa na bar ta a kan haka har ta koma ga Allah. Masu motocin gas suka fara janye jiki daga rumfarsa ɗaya bayan ɗaya, har ya koma faci da gyaran babur. Kullum da safe muna haɗuwa a hanyar masallaci, ya ce ina kwana, in ce lafiya lau, kowa ya wuce. Bayan babbar Sallah na wayi gari na ga rumfar babu kowa, aka ce ya kwashe iyalinsa ya koma Rabah. Motar kuwa ba ta sake tashi ba. Ta shekara biyu a ƙofar gida kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujera, ku kuna wasan direba a ciki, har masu sayen ƙarfe suka zo suka ɗauke ta. Na koma tuƙa motocin mutane, a haka na yi sauran ƙarfina.

Uwarku ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya ta yi maganar, bayan shekaru masu yawa, a cikin ciwon da ta rasu da shi. Ina ba ta kunu da safe, ta kawar da kofin.

“Malam, ranar da kad dawo daga Gandi, mi anka yi ma motag ga?”

Na gaya mata duka. Ta ce ta sani, so take ta ji daga bakina.

“Ka tai Rabah,” ta ce. “Ni ban son in tarar da wagga magana tana jiranka can lahira.”

Sai bayan an yi arba'in ɗinta na iya tafiya. Na same shi a bayan kasuwa, a ƙarƙashin wata 'yar rumfar kara, injinan ban-ruwa sun kewaye shi. Gemunsa ya yi fari fat, ya sa tabarau mai kauri da aka ɗaure da zare. Ya yi mini gaisuwar Hajara, ya ce labari ya iso masa, ya yi mata addu'a mai tsawo. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har da zagayawa ta bayan asibiti. Yana saurare yana wanke wani ƙarfe a cikin kwanon fetur.

“Na sani tun ranan nan,” ya ce. “Ni nis shafa fentin.”

“To mi yah hana ka hwaɗi?”

“Kai nika jira. Na ce gobe Ummaru zai hwaɗi, gobe ta yi, na ce jibi. Ba rashin aiki yat tashe ni daga Wurno ba, ko da faci sai in ci abinci. Gaisuwag ga ta sahe ta nik kasa ɗauka. Kullum in dube ka, ka dubi ƙasa.”

Na ce ya yafe mini. Ya fitar da ƙarfen daga kwanon ya ajiye a gefe.

“Na yahe tun da daɗewa, don kaina, ba don kai ba. Amma ba nan anka ɓata ni ba. In kana son ka gyara, ka tai inda anka hwaɗe ta.”

Washegari na je tashar Wurno da hantsi, lokacin da direbobi suke taruwa wajen mai shayi. Na yi sallama na ce ina da magana. Na tsaya a tsaye, da sandata, na faɗi yadda aka yi, na ce Isa makanike bai kashe motata ba, ni na kashe ta da hannuna, aikinsa kuwa ban taɓa ganin mai kyansa ba. Na daɗe ina shirya kalmomin nan, na zaci za su yi nauyi. Da na gama na duba fuskokin da ke wurin, sai na ga kusan duk yara ne. Dattijon da ya fara maganar ya rasu, waɗanda suka ce haka ne sun rasu ko sun daina fitowa. Suka saurare ni da ladabi, wani ya matsa mini a benci, wani ya sa a haɗa mini shayi. Sai ɗaya daga cikinsu ya tambaya a hankali, don kada ya ɓata mini rai.

“Baba, wane Isa?”

Na koma Rabah ranar kasuwa na gaya masa na faɗa. Ya tambaye ni su wa ke wurin. Na lissafa masa waɗanda na gane, ɗan wane, jikan wane. Na gaya masa tambayar da yaron ya yi, don na riga na ɗauki alkawarin ba zan sake rage masa magana ba. Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu, kafaɗunsa suna rawa, sai da na duba da kyau na gane dariya yake yi. Ni ban iya yin ta ba. Ya mayar da tabarau, ya jawo wani injin ban-ruwa da wani manomi yake jira tun safe, ya lalubi wani noti da yatsa bai gan shi sosai ba. Ya miƙo mini sifana.

“Idona ba shi kai nan,” ya ce. “Zamna ka riƙa man wanga, ni in juya ta baya.”

Na naɗe babbar rigata na zauna a ƙasa kusa da shi na riƙe. Muna nan har aka kira azahar.